Daga Zariya Zuwa Anchau a Tsakiyar Marka

Mutanen birni da yawa ba sa son shiga ƙauye da damina, kuma suna da hujja, domin hanyoyi sukan lalace, rafuka su cika su batse, mota ta kafe a inda babu bakanike. Amma wanda bai ga ƙasar Zazzau a watan Agusta ba, lokacin da marka ta kankama kuma shuka ta rufe ƙasa, bai san irin arzikin da Allah ya shimfiɗa a bayan ganuwar Zariya ba. Wannan ne ya sa da makarantu suka tafi dogon hutu na yi shawara da wani abokina, malamin gona da ya yi karatunsa a Samaru, cewa mu zaga gabashin Zariya da mota, mu bi ta Maigana da Soba da Dutsen Wai, mu kwana a ƙauyen kawuna da ke ƙasar Anchau, sannan mu dawo ta Ikara. Ƙanena ne ya yarda ya ja mu a tsohuwar Golf ɗinsa. Da gangan muka zaɓi gabas, saboda yammacin Zariya, daga ɓangaren Giwa har zuwa Birnin Gwari, ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma babu wanda zai bar mu mu nufi can don kallon gonaki kawai. Ko gabas ɗin ma, sharaɗin da mahaifiyarmu ta gindaya mana shi ne kada magariba ta riske mu a kan hanya.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda zai yi tafiyar da ba ta dole ba sai ya zauna ya yi lissafi. Mun zuba man N45,000 tun daren tafiya, muka ƙara da 'yar jarka a but, tare da shebur da igiya mai kauri da takalman ruwa da gidan sauro. Tsarabar Kawu kuwa sukari ce da ganyen shayi da sabulu da burodi da ƙullin goro.

Bayan sallar asuba muka tashi daga Tudun Wada ana yayyafi. Ruwan da aka kwana ana yi ya riga ya cika magudanai, ledoji da robobi sun toshe su, ruwan ya hau kan kwalta yana bin ƙofofin shaguna, 'yan Keke Napep kuma suna lalubar hanya a hankali don kada su faɗa rami. Damina a cikin gari ke nan kamar yadda muka saba da ita: caɓi da wari da jinkirin zuwa aiki. Muka wuce Kongo, muka ɗauki hanyar Jos, kuma kafin gari ya gama wayewa mun iso gadar kogin Galma da ke wajen Dakace, inda na roƙi ƙanena ya tsaya.

Da rani na sha wucewa ta wannan wuri, in ga kogin ya janye, masu lambu sun mamaye bakinsa da tumatir da albasa da kabeji, injinan ban ruwa suna ta ƙara. A wannan safiya kuwa babu alamar lambu ko ɗaya. Ruwan ya yi ja saboda ƙasar da ya kwaso, ya fita daga mazauninsa ya malale cikin fadama, yana tafe da rassan itatuwa da karan bara, kuma shinkafar da aka shuka a kwari kanta kaɗai ake gani a saman ruwa. Abokina ya nuna mini da hannu wajen da Kubanni, wadda ta ratsa Samaru da cikin gari, take zuwa ta zuba a Galma, ita kuma Galma ta gangara kudu ta haɗu da kogin Kaduna. Ya ce ruwan da yankin Zariya yake samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka. Ruwan famfon da muke jira a gidajenmu daga wannan kogi ake ɗebo wani ɓangarensa, amma mu da muke shansa ba kasafai muke zuwa mu dube shi ba.

Daga nan har Maigana ido ba ya sauka a kan komai sai kore. Masara ce ta fi yawa, ta wuce tsayin mutum, ta yi goyo, gemunta ya fara yin baƙi, kuma kunyoyin sun miƙe tun daga bakin titi har inda hazon ruwa ya tare gani. Tsakaninta akwai dawa wadda ba ta fitar da kai ba tukuna, da waken suya da ya rufe ƙasa ruf, da gyaɗa, da barkono. Itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro suna tsaye jefi-jefi a cikin gonakin, balbelu farare suna bin shanu a gefen hanya. Na ɗauka haka ƙasar take tun asali, sai abokina ya ce a zamanin kakanninmu dawa da gero da auduga ne suka riƙe wannan yanki, masara kuwa 'yar bayan gida ce da ake shukawa don a gasa wa yara. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 ne, da aka samu ingantaccen iri da takin zamani, ta fita fili ta zama amfanin gonar da ake lodawa a manyan motoci. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta soma a matsayin tashar gwaji a 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962, tana da hannu a wannan canji, kuma irin masarar da take fitarwa sunansa yana farawa da SAMMAZ. Ya faɗi haka da alfahari, ni ma kuma na ji daɗinsa a matsayina na Bazazzagi.

Kusa da Maigana muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wanda ya tsayar da mu yana sanye da rigar ruwa, ya duba takardun mota, ya sa aka buɗe but, ya ga shebur da igiya, sannan ya tambaya: "Malam, ina zuwa cikin wannan ruwa?" Na ce: "Yallaɓai, ziyarar dangi za mu, kuma muna so mu ga gonaki." Ya ce in dai za mu sauka daga kwalta to mu yi sauri, domin hadarin da yake gani bai gama ba, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Sauran shingayen da muka tarar a gaba ba su riƙe mu ba. Abin da ya fi rage mana gudu shi ne ramukan da ruwa ya cika, waɗanda ba a sanin zurfinsu sai taya ta faɗa, da samarin da suke cike su da ƙasa suna neman a ba su na goro.

A Soba muka karya kumallo a teburin wani mai shayi da ya kafa rumfar kwano a bakin tasha. Shayi da burodi da ƙwai na mu uku ya tashi N4,500. Kusa da shi wata yarinya tana gasa masara a kan wayar da aka ɗora bisa tsohon kwano, tana kare garwashin daga ɗigon ruwa da jikinta, tana fifita da guntun kwali, tana juya kowace ɗaya da yatsu biyu da sauri kafin zafi ya kama ta. Masarar da asuba aka karyo ta, idan ka danna ƙwayar da farce ruwa fari yake fitowa, kuma zaƙinta ya bambanta ƙwarai da wadda ake kawo mana unguwar PZ a Zariya bayan ta kwana a buhu. Mun sayi kowace ɗaya N200, muka haɗa da dafaffen ƙwan zabi, wanda damina ce lokacinsa. Wani dattijo da ke zaune a bencin ya ji muna yaba kyan shuka, sai ya girgiza kai ya ce: "'Ya'yana, kyan ganye kuke gani. Buhun taki bana ya fi buhun masara tsada, kuma gonar da kuka ga ta yi duhu, mai ita ko ya sayar da sa, ko ya ci bashi." Daga wannan magana ne na fara kallon gonakin da wani ido, domin na lura cewa a kusa da kowace gona mai duhun ganye akwai wata mai rawayan ganye da siririn kara, kuma ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne.

Dattijon nan ne kuma ya tuna mana cewa jirgin ƙasa ya taɓa bi ta garin. Ƙaramin layin dogo ne da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos saboda jigilar kuza, aka kammala shi a 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, aka rufe shi a 1957. Ya ce shi bai hau ba, amma mahaifinsa ya sha ba su labarin rashin saurinsa.

Tsakanin Soba da Dutsen Wai ruwan ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo, kuma a nan ne muka ga abin da ya fi komai kyau a tafiyar. Wani dutse ya bayyana a gabanmu jiƙe sharkaf, baƙi mai sheƙi, ruwa yana gangarowa ta tsagoginsa a sirara farare, ciyawa da ƙananan itatuwa sun tsiro a duk inda 'yar ƙasa ta samu wurin zama, gajimare kuma ya sauko ya rufe kansa. Muka ajiye mota muka taka zuwa gindinsa ta wata 'yar hanya tsakanin gonaki. Iskar wurin tana ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na tafasa, kuma babu ƙarar komai sai ta ruwa da tsuntsaye. Mu da muka tashi muna ganin dutsen Kufena na Zariya daga nesa mun saba da dutse a tsakiyar fili, amma ban taɓa tsayawa a gindin dutse ana gama ruwa ba sai ranar. A wata gona da ke wurin akwai gawo guda ɗaya tsaye babu ganye ko ɗaya, alhali duk itatuwan da ke kewaye da shi sun yi lif. Abokina ya ce manomi mai hankali ba ya sare gawo, domin yana zubar da ganyensa ne da damina, ganyen ya zama taki, inuwarsa ba ta danne shuka, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su ci a ƙarƙashinsa su bar kashinsu. Da na duba sai na ga lallai dawar da ke gindinsa ta fi ta sauran gonar tsayi da kauri.

Ba mu daɗe ba hadari ya haɗo daga gabas. Cikin ɗan lokaci sararin ya yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso ta kwantar da masara, mata masu tallar nono suka sauke ƙorai suka ruga rumfa, mu ma muka koma mota da gudu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya, har waifa ta kasa share gilashi, dole muka fake a wani masallacin bakin hanya a Dutsen Wai, inda muka yi azahar tare da direbobi da 'yan acaɓa da ruwan ya tara. Kowa ya shigo sai a ce masa "Yaya ruwa?" ya amsa da "Ruwa ya yi gyara," ko da kuwa rigarsa tana ɗiga. Da ya tsagaita muka sayi nono mai kauri da man shanu a wurin wata Bafulatana, muka bar hanyar Jos muka karkata zuwa Anchau. A kan wannan hanya mun ga yaran Fulani suna kora shanu a jere ta wani burtali da gonaki suka matse shi hagu da dama, har sai yaro ya riƙa gudu yana tare bakin kowace saniya da sanda. Wanda ya ga wannan matsi da idonsa zai fahimci yadda ƙaramar ɓarna take zama babbar rigima.

Wahalar tafiyar ta fara ne daga inda muka sauka daga kwalta. Da farko hanyar burji ce mai kyau, sai ta koma jar laka mai santsi, sai kuma ta zama taɓo wanda manyan motocin da suka bi kafin mu suka haƙa masa ramuka biyu masu zurfi. Ƙanena ya yi ƙoƙari ya bi ta tudun tsakiya, amma a wani kwari motar ta zame, cikinta ya zauna a ƙasa, tayoyin gaba suna juyawa a banza suna watsa laka. Mun yi haƙa da shebur, mun cusa rassa da duwatsu, mun tura har ƙarfinmu ya ƙare, ba ta motsa ba. Wani manomi da ke dawowa daga gona da shanun huɗarsa ya tsaya, ya yi mana sannu, bai tambaye mu ko daga ina muke ba. Ya kwance garmar ya ajiye a gefe, ya karɓi igiyarmu ya ninka ta biyu, ya durƙusa cikin taɓon ya ɗaura a ƙarfen da ke ƙarƙashin motar, ɗaya bakin kuma a tsakiyar karkiya. Ɗansa ya kama igiyar hancin bijiman, shi kuma ya tsaya a gefensu yana kiran kowanne da sunansa cikin murya ƙasa-ƙasa. Bijiman suka sunkuyar da kai, kofatansu suka nutse, igiyar ta miƙe har tana ƙara, sai motar ta ɗago ta fito a hankali. Na miƙa masa N3,000, ya ƙi karɓa, ya ce: "Haba Malam, baƙon Allah ne ku." Sai da abokina ya ce a saya wa shanun dusa sannan ya bar yaron ya karɓa.

Gaba kaɗan muka iso rafin da ya raba mu da ƙauyen Kawu. Da rani yashi ne kawai, mota tana wucewa ba tare da direba ya canza giya ba. Ranar kuwa ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, yana gudu da ƙarfi, kuma kwalbatin da aka taɓa sawa a mashigin ruwa ya cinye gefensa tun wata daminar, bututun simintin suna kwance can ƙasa. Mutane sun taru a kowane ɓangare suna jira ruwan ya ja: masu babura, mata da kayan niƙa, wani mai buhunan taki biyu da ya lulluɓe da leda yana ta duban sama. Mai unguwar wannan ƙetaren ya ba mu wuri a ƙofar gidansa muka ajiye motar, ya ce babu abin da zai taɓa ta. Wajen la'asar sakaliya ruwan ya sauko zuwa ƙirji, samarin da ke fito suka shiga aiki. Mutum huɗu suke ɗaga babur a kafaɗa su ƙetare da shi a kan N500, mutum kuma su riƙe shi ta hannu biyu, suna tafiya a karkace suna fuskantar inda ruwan yake fitowa.

Muna shirin shiga sai aka iso daga wancan ƙetaren da wata mata da ɗanta, yaron bai fi shekara uku ba, zazzaɓi ya galabaitar da shi har idanunsa sun juye. Tun hantsi suke bakin rafin suna jira. Wani saurayi dogo ya karɓi yaron ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu, wasu biyu suka dafa shi ta baya, uwar tana biye ruwa har wuyanta tana salati, mijin yana riƙe da ita. Da suka fito babu wanda ya yi maganar kuɗin fito, wani mai babur da ya daɗe yana jiran a ƙetare da shi ya fasa, ya ɗauke su zuwa asibiti a Anchau. Na yi shekaru ina jin ana cewa ƙauyuka suna bukatar hanya, ina ɗaukarsa zancen kasuwanci da siyasa. A bakin wannan rafi na ga cewa tsakanin yaro da allurar da za ta cece shi, abin da ya tsaya kwalbati ne guda ɗaya.

Mun isa gidan Kawu ana kiran magariba, jiƙe kuma cikin laka har gwiwa. Ya fito zaure da kansa yana cewa: "Ɗana, cikin wannan marka? Sannunku, sannunku da hanya." Aka kawo ruwan zafi muka wanke jiki, aka ba mu busassun riguna, bayan isha kuma aka shigo da tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, muka zuba man shanun da muka sayo. Ban san ko gajiya ce ta ƙara masa daɗi ba, amma na daɗe ban ci tuwo irin wannan ba. Da muka zauna hira, Kawu ya ce damina uwar albarka ce, amma a ƙauye babu watan da ya kai Agusta tsanani, domin hatsin bara ya ƙare a yawancin rumbuna, na bana bai nuna ba, kuɗin hannu duk sun tafi a taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, ga kuma zazzaɓi a kowane gida. Wanda ya rasa yadda zai yi sai ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin zai biya da buhu idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Ya ce ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida duk wata da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma ya ga amfaninsa, sai dai idan rafi ya cika su ma ba sa iya ƙetarowa.

A shagon samarin gidan muka kwana, cikin gidan sauronmu. Ruwa ya dawo da tsakar dare yana dukan kwano, kwaɗi suna amsawa daga fadama, kuma can wajen asuba muka ji wata ƙara mai nauyi, ashe katangar maƙwabci ce ta jiƙa ta zube. Babu wanda ya ji rauni. Kafin mu gama karyawa da faten tsaki mai rama da gyaɗa, maza sun taru da sanduna da zana sun killace gidan, suka ce ginin sai ruwa ya ɗauke. A Tudun Wada da katanga za ta faɗi haka, mai gida ne kaɗai zai fita neman birkila da bulo.

Da hantsi Kawu ya zaga da mu gonarsa. Ya tsaya a kan wata masara da ya shuka a makare, ya buɗe tsakiyar ganyen da yatsa, ya nuna mana ganyen da aka huda da wani gari-gari mai laima a ciki, ya tono tsutsa mai ratsi ya jefar a ƙasa ya take. Abokina ya ce wannan tsutsa baƙuwa ce, a 2016 aka fara ganinta a Nijeriya, kuma feshinta ba ya ci sai da sassafe ko da yamma, a kuma saita bakin famfon cikin tsakiyar ganyen inda take ɓuya. A gonar dawa kuma ƙuduji ya fara leƙowa a gindin kara. Abokina ya shawarce shi ya tuge shi kafin ya yi fure ya zubar da iri, baɗi kuma ya sa waken suya a wurin. Kawu ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi, sannan ya ce rabon da malamin gona ya tako gonarsa har ya manta. Ya karyo mana masara, ya tono sabuwar gyaɗa, matarsa kuma ta ƙulla mana kuɓewa da yalo da busasshiyar kuka, duk da abin da ya gaya mana daren jiya game da rumbu. Na so in ƙi karɓa, amma na san ba a yi wa kawu haka.

Rafin ya sauka zuwa gwiwa da muka dawo, muka ƙetare da ƙafa, muka yi wa mai unguwa godiya, wani yaro kuma ya nuna mana wata hanya ta tudu da ta fitar da mu kwalta ba tare da mun sake kafewa ba. A mashigin aka gaya mana cewa yaron jiya an ƙara masa ruwa kuma ya farfaɗo.

Anchau, hedikwatar ƙaramar hukumar Kubau, gari ne da ya cancanci a tsaya a dube shi. A ƙarshen shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa, ya addabi wannan yanki, sai gwamnatin Turawa ta ƙaddamar da wani shiri wanda wani masanin ƙwari, Dokta Nash, ya yi suna a kansa. Aka sassare kurmin bakin rafuka inda ƙudan yake samun inuwa, aka tattara ƙananan ƙauyuka zuwa sababbin matsugunai, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka kuma gina sabon gari mai faɗin tituna kusa da tsohon, aka sa masa suna Takalafiya. Na tsaya ina tunanin cewa fiye da shekara 80 da suka wuce an taɓa zama aka tsara rayuwar ƙauyukan nan tun daga rafi har rijiya, ko da kuwa masu tsarin suna da tasu manufar ta mulki da haraji. Mun dace da ranar kasuwa, kuma kasuwar Anchau babba ce ta hatsi da dabbobi. Laka ta kai idon sawu, 'yan dako suna tafe da buhu a ka suna zamewa ba sa faɗuwa, manyan motoci sun yi layi ana loda tsohuwar masara da dawa da waken suya. Na tambayi wani dillali dalilin da ya sa buhun da ake saye a ƙauyen Kawu yake ƙasa da na nan sosai, alhali tazarar ba ta da yawa. Ya ce: "Alhaji, kai da ka fito daga can ai ka ga hanyar. Kuɗin babur da kuɗin fito da hatsarin jiƙewa, duk a jikin manomi ake cirewa."

Daga Anchau zuwa Ikara yayyafi ne ya raka mu, gonakin rake da shinkafa suna ƙaruwa a kwaruruka, kuma ba mu tsaya ba sai don salla da sayen dafaffiyar gyaɗa. Muka fito Tashar Yari, muka hau babban titin Kano zuwa Zariya, inda ƙanena ya samu ya saki mota bayan doguwar tafiyar hawainiya. Mun shigo ta Kwangila kafin magariba, muka tarar da cunkoso a PZ saboda ruwa ya sake hawa titi.

Washegari motar ta tafi wurin bakanike, domin taɓon ya karya maɗaurin salansa kuma laka ta cika birki. Gyara da wanki suka ci N18,000. Idan aka haɗa da mai da abinci da tsaraba, tafiyar ta tsaya mana a wajen N90,000, muka raba uku. Kafin mu baro ƙauyen, Kawu da limaminsu sun roƙe ni in rubuta musu takardar koke a kan kwalbatin, tun da ni ne mai biro a dangi, su kuma sun riga sun fara tara kuɗin yashi da dutse a tsakaninsu don hukuma ta ga ba zaune suke ba. Na rubuta ta da Hausa da Turanci, na haɗa da hotunan mashigin da na ɗauka da waya, na ba wani direban Anchau ya kai wa Kawu domin mai gari da masu unguwannin ƙetaren biyu su sa hannu.